Kwamfuta uku, yara 52: me zan koya musu da zai yi musu rana?

Malamar JSS 2, Anguwan Rogo

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana da iyaye. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Shekarata shida ina koyarwa a wata 'yar makarantar kuɗi a nan Jos. Kada ku hango irin makarantun Rayfield. Tamu irin wadda uba ke biyan kuɗin zango kashi uku ce, na ukun ma sai an hana yaro shiga jarrabawa. Kimiyya na karanta a NCE. Da malamin kwamfuta ya samu aikin gwamnati ya tafi, sai aka ce, “Malama, ai ke kin iya latse-latsen waya, riƙe mana darasin kafin a samo wani.” Shekara biyu ke nan, wanin bai zo ba.

Ba zan ɓoye muku yadda nake darasin ba. In ɗauki alli in zana linzamin kwamfuta a jikin allo, har da 'yar wutsiyarsa, in ja kibiya in rubuta sunan kowane maɓalli. Yara su kwafa, su haddace ma'anar kwamfuta da Turanci kamar masu biya karatun allo, ranar gwaji su ci 18 cikin 20, kowa ya tafi gida yana murna, har da ni.

Ɗan yayata ne ya farkar da ni. Bara ya rubuta JAMB. Yaro ne mai kai, shi ke koya wa ƙannensa lissafi. Da ya dawo ko tuwo bai taɓa ba. Sai da dare ya yi yake gaya wa uwarsa cewa da aka ce a fara, 'yar kibiyar nan ta allon kwamfuta ta dinga guje masa, ya nufi nan ta yi can, ga hannu na rawa. Bai san ana iya ajiye linzamin gaba ɗaya a danna A, B, C ko D, a danna N a wuce gaba, a danna P a koma baya ba, sai da ya saci kallon yatsun na kusa da shi. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya. Ku lissafa abin da minti 15 ɗin da ya ɓata yana kokawa da linzami ta cinye masa. Tun 2015 jarrabawar nan ta koma kan kwamfuta zalla, shi kuwa shekara shida ya yi yana cin darasin kwamfuta a sakandare, a hannun irina.

Ana cikin haka mai makarantarmu ya dawo daga wani taro a Abuja da sabuwar waƙa a bakinsa: sai mun koya wa yara abin da duniyar gobe ke nema. Ya ce ga shi ma a Satumbar 2025 gwamnatin tarayya ta fito da sabon tsarin karatu, da darasin fasahar zamani da sana'o'i irin su haɗa sola da gyaran waya da kwamfuta. Ya dube ni ya ce, “Malama, sai ki tsara mana.”

To ga abin da zan yi tsarin da shi. Kwamfutar cinya uku, duk na gwanjo. Ɗaya ba ta da batir, ana ɗauke wuta take mutuwa. Ɗaya harafin E ya fita, sai rami. Janareta ba a tayar da shi sai lokacin buga takardun jarrabawa. Data daga albashina. Darasi minti 40, sau biyu a mako.

Na yi bincike iya nawa. Dare ɗaya na ƙone gigabait biyu ina kallon azuzuwan Turawa, kowane yaro da na'urarsa a gabansa, malama tana yawo tana murmushi. Wasu shafukan kuma su ce kyauta ne, kina zuwa wurin da ke da amfani su ce kawo lambar kati.

Tambayata biyu ce. Da wannan ɗan lokacin da waɗannan kayan, me ya kamata in fara koya musu? Kuma ina zan samu kayan darasi na kyauta da ke aiki ko babu intanet? Don Allah kada wani ya ce mini a sayo wa kowa kwamfuta, na san hanyar kasuwa.

Mai Gyaran Waya, Terminus

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kafin in buɗe shago na yi shekara biyu ina kula da injina a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta, irin ɗan yayarki na gan su ba adadi. Akwai wadda ta ɗaga linzamin sama tana saita allo da shi kamar rimot ɗin talabijin.

Inda kika ɓata shi ne kina neman abin da za ki kalla a intanet. Nemi abin da za ki sauke sau ɗaya, ki zuba a filash, ki zo da shi aji.

Fara da Kolibri. Wata ƙungiya mai suna Learning Equality ce ta yi shi musamman don wuraren da babu intanet, kuma kyautarsa ta gaskiya ce. Ki sa shi a kwamfutar da batirinta ya fi lafiya, ita ce za ta zama rumbu. Daga cikinsa za ki zaɓi abin da kike so: bidiyo da atisayen lissafi na Khan Academy, gwaje-gwajen PhET, darussan CK-12, labaran African Storybook. Ranar darasi ki kunna hosfot na wayarki, data a kashe, ki haɗa kwamfutocin uku a kai. Kolibri zai nuna miki wani adireshi na lambobi mai ƙarewa da 8080. Duk na'urar da ke kan hosfot ɗin, in ta rubuta adireshin nan a burauza, za ta ga duk abin da ke cikin rumbun, ba a taɓa miki ko kwabo ba. Kina iya buɗe wa kowane yaro sunansa, ki riƙa ganin wanda ya gama atisaye da wanda ya maƙale.

Gargaɗi ɗaya: wurin saukewa kada ki zaɓi duka. Khan Academy gaba ɗayansa gomman gigabait ne. Buɗe ɓangaren lissafi ki tsinci abin da ya yi daidai da ajinki kawai.

Tun da ke 'yar kimiyya ce, PhET zai fi shiga ranki. Na Jami'ar Colorado ne da ke Boulder a Amurka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a fannin fiziks a 2001, shi ya fara shi a 2002. Yawanci kowane gwaji fayil ɗaya ne, 'yan megabait kaɗan, yana buɗewa a Chrome ba tare da intanet ba. Nemi mai suna Circuit Construction Kit: DC. Yaro zai jawo batir da waya da ƙwan fitila da makunni ya haɗa da hannunsa, ƙwai ya kawo. In kuwa ya haɗa kai da gindin batir da waya tsura, wuta za ta kama a kan allo. Da yaran da ke zuwa koyon gyara wurina sun ga wannan tun suna JSS, da ban yi asarar caja da yawa haka ba.

Sai Kiwix, mai buɗe Wikipedia babu intanet. Kada ki nufi ta Turanci cikakkiya mai hotuna, wannan ta haura gigabait 100. Ɗauki ta Hausa da ta sauƙaƙan Turanci, sun isa. Sai Scratch na jami'ar MIT ta Amurka, inda yaro ke jera umarni kamar bulo ya sa 'yar kyanwa ta yi tafiya ta juya. Yana da wanda ake sawa a kwamfuta, kuma a jerin harsunansa akwai Hausa. In kwamfutocin naki masu tsohuwar Windows 7 ne, sabon ba lallai ya hau ba, ki nemi Scratch 2. Don koyon buga rubutu kuma akwai Tux Typing.

Amma kafin duk wannan, ki sayi linzami mai waya guda uku. Kada ki bar su su saba da shafa 'yar farantin nan ta jikin kwamfutar cinya kaɗai. Mai ramin E kuma, kibod na waje mai USB ya fi sauƙin kuɗi a kan gyara.

Tsohon Hedimasta, Bukuru

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika iya faɗar gaskiya a kan kanki. Jikata ce ke buga mini wannan, ina faɗa tana rubutawa, in kin ga kuskure nata ne.

Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka buɗe UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Wannan waƙa ta “abin da gobe ke nema” na ji ta ba sau ɗaya ba. A zamaninmu tafireta ce da gajeren rubutun sakatarori. Iyaye suka yi ta kai 'ya'ya makarantun kasuwanci, wai duk wanda ya iya su ya gama da talauci. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 aka ce a'a, fasaha ce. A makarantar da nake a lokacin an sauke mana injinan aikin katako da na ƙarfe cikin manyan akwatuna. Babu wutar da za ta ja su, babu malamin da ya san kansu. Na bar makarantar akwatunan suna nan a bayan ofis, gara ta ci katakon, tsatsa ta ci na ciki.

Cikin ɗalibaina na wancan lokaci, waɗanda na ga sun miƙe ba su ne suka fi saurin yatsa ba. Waɗanda ke karanta takarda su gane abin da ta ce ne, su kuma rubuta abin da ke ransu wani ya gane. Irin waɗannan da kwamfuta ta zo, cikin wata biyu suka koye ta da furfurarsu.

Don haka ga aikin da na ba ki. Gobe ki rubuta sakin layi ɗaya a allo, jimla biyar ko shida, da Turancin da bai fi ƙarfin aji biyu ba. Su karanta a zuci. Ki goge. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya su gaya miki da Hausa abin da ya ce. Ba haddar kalmomi ba, ma'ana. Ki ƙirga waɗanda suka iya. Wannan adadin shi zai gaya miki inda za ki fara. Yaron da bai gane tambaya ba, ko ya iya linzami kamar direban tirela, amsar banza zai danna, da sauri kawai zai danna ta.

Ban ce ki yar da shawarar ɗana mai gyaran waya ba, ya san aikinsa. Sai dai akwai abin da bai taɓo ba, don shi ba a aji yake wuni ba. In yara uku suna kan kwamfuta, sauran 49 me suke yi? In ba ki amsa wannan ba, darasin zai zama kasuwar Laraba, kuma mai makarantar da ya ce ki tsara shi ne zai fara leƙowa ya ce hayaniya ta yi yawa.

Ɗan Bautar Ƙasa, Kubwa

Baba, Allah ya ƙara lafiya, tambayarka ita ce ta gaske. Anti, ni ma a wata sakandare nake hidimar ƙasa a nan Abuja, kuma kada sunan Abuja ya ruɗe ki, mu ma ɗakin kwamfutarmu ya fi wuni a kulle.

Don sauran 49 ɗin, ki duba CS Unplugged. Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand da abokan aikinsa ne suka haɗa shi, darussan ilimin kwamfuta ne da ake yi ba tare da kwamfuta ba. Wanda na fi so: ki yanka kwali gida biyar, ki ɗiga ɗigo 16 a na farko, sai 8, 4, 2, 1. Yara biyar su tsaya a gaban aji kowa da nasa. Ki ce a nuna miki 13. Mai 8 da mai 4 da mai 1 za su nuna fuska, sauran su juya baya. Fuska 1 ce, baya 0, ga 01101 ta fito, wato 13 a irin ƙirgar kwamfuta. Da kwali biyar ɗin nan za su ƙirga har 31, kuma akwai wanda zai tambaye ki ya za a yi a samu 32. Kada ki ba shi amsa.

Akwai kuma Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe a 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Kyauta ne, yana bin tsarin karatunmu, kuma akwai darussa da Hausa. Ni don shirya darasi nake amfani da shi. Game da maganar Baba ta karatu, African Storybook da StoryWeaver suna da gajerun labarai da Hausa da Turanci, an yarda a sauke a buga a takarda. Ki tuna WAEC ma tun 2024 ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zama na waje, ba JAMB kaɗai ke jiran yaran ba.

Maman 'Yan Biyu, Rikkos

Malama, ni ba malama ba ce, uwa ce, amma ki ƙara wannan a lissafinki. An ba ɗana aikin gida ya rubuta bayani a kan wata kasuwa a garinsu. Ya ɗauki wayata ya tambayi irin manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, ya kwafe tsaf. Da na karanta sai na ga ana yabon babbar kasuwar Terminus, wai shaguna cike, jama'a na hawa da sauka. Kasuwar da ta ƙone tun 2002, kafin ma in yi aure! Yaron nan ya sha wucewa ta gaban kangonta a keke napep, amma da waya ta faɗa sai ya yarda da ita ya ƙaryata idonsa. Ku koya musu su riƙa cewa “wa ya faɗa?”

Malamar JSS 2, Anguwan Rogo

Na dawo bayan mako biyar. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba, na yi aikin da ka ba ni tun washegari. Waɗanda suka iya faɗar ma'anar ba su kai rabin aji ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, har da yarinyar da ke zuwa ta biyu a jarrabawa. Ta maimaita mini jimlar farko kalma da kalma, da na ce to me ake nufi, sai ta sunkuyar da kai. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Yanzu duk darasi minti biyar na farko na karatu ne da faɗar ma'ana, ko da kuwa darasin kwamfuta ne.

Kolibri ya ba ni wuya kwana biyu, kuma laifina ne. Wurin sawa wani saƙo ya fito yana neman izinin barin wasu na'urori su shigo, ni kuma da tsoron ƙwayar cuta na danna a'a. Sai da ƙanin mijina ya zo ya buɗe. Saukewar kuwa da datar dare na yi ta, ina zaune cikin bargo da sanyin Jos, ina gyangyaɗi ina duba ko ta tsaya.

Na raba su rukuni 13, mutum huɗu-huɗu. Bayan karatu, zagaye uku ake yi a kan kwamfutocin, minti goma-goma, don haka kowane rukuni na samun zama aƙalla sau ɗaya a mako. A kowane rukuni, ɗaya na riƙe linzami, ɗaya na bugawa, ɗaya na karanta umarni, ɗaya na rubuta abin da ya faru, mako mai zuwa a juya. Makon farko na gauraya maza da mata, sai na ga matan duk sun koma masu rubutu a littafi, mazan sun kankane linzami. Na raba su. Sauran aji suna kan kwalaye da labaran da na bugo. Kwalin sabulu na yanka. Tambayar 32 kuwa ta zo, daga wani yaro da ke zama a baya wanda tun farkon zango ban taɓa jin muryarsa ba, kuma kafin a tashi shi da kansa ya yago bangon littafinsa ya ɗiga ɗigo 32.

Maman 'Yan Biyu, na karanta musu labarin ɗanki ba tare da na ce daga ina ba. Sun yi dariya har da buga benci. Da na ce wa ya taɓa kwafo abu daga waya bai duba ba, sai dariyar ta ragu.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na cinikin kasuwar Farin Gada. Yawancin iyayen yarana 'yan kasuwa ne, sai na ce kowa ya tambayo a gida: nawa aka sayo kaya, nawa aka kashe a kai, nawa aka sayar. Muka buɗe LibreOffice Calc, mai gidaje-gidajen nan na lissafi. Wata yarinya da babanta ke sayar da kabeji ta zuba kuɗin saye da na mota da na ɗan dako, na nuna mata yadda ake fara umarni da alamar daidai. Da ta danna riba ta fito, sai ta ja da baya kamar an tsikare ta. Na ce canza kuɗin mota. Ta canza, riba ta sauya da kanta. Ta sake canzawa. Sai da 'yan rukuninta suka yi mata ca sannan ta saki.

Bayan kwana biyu sai ga baban da kansa, da rigar sanyi da hular kunne, ko kasuwa bai buɗe ba. Na ɗauka ƙara ya kawo. Ashe zuwa ya yi a nuna masa abin da ya lissafa masa ribarsa. Ya duba, ya motsa baki yana ƙirga da ka, ya ce akwai bambancin naira 300, kuma nasa ne daidai, don yarinyar ba ta sa kuɗin buhu ba. Gaskiyarsa. Ta ƙara gida ɗaya ta sa, lissafi ya zo ɗaya. Ya ce, “To yanzu ta yi hankali,” ban sani ba ko 'yar yake nufi ko kwamfutar.

Malam mai gyara, na sayi linzami uku, kuɗin kibod ne bai samu ba tukuna. Shekaranjiya na lura rukunin da ke kan mai ramin nan suna rubuta kalmomi masu E lafiya lau. Na tsaya a bayansu na ga dabarar: sun nemo E a wani tsohon fayil, sun kwafo, duk inda suke buƙata sai su manna. Ni ban koya musu kwafa da mannawa ba, ban ma kai nan ba a tsarina.

Matsalata yanzu batirin rumbun ne. Da yana kai awa guda, yanzu da ƙyar yake ganin ƙarshen darasi, in ya mutu kuma sauran biyun sun zama marayu. Canza batir ya fi, ko in lallaɓa mai makaranta ya sayi ɗan ƙaramin sola? In ranar Asabar kana shago zan shigo da ita bayan azahar ka duba mini.